Maza da Safe, Mata da Rana

Gadaje huɗu ne a ɗakin binciken, amma mutum takwas ake kira kowace Talata, maza huɗu, mata huɗu. Dukansu ƙarfe bakwai ake ce su zo, kuma kada su karya. Babu wanda ya taɓa ba da umarnin a fara da maza. Da an buɗe ƙofa dai su ke miƙewa, matan su gyara zama a benci, mai gadi ya ba su haƙuri, wai maza suna da abin yi.

Sista ce ke yi musu allurar. Wani ɓangare ne na ƙwayar cuta, ba ya kisa, sai dai ya sa jiki ya zaci an kawo masa hari: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, kumburi. Daga nan duk awa ta ja jini, har sau biyar, a auna kotisol, sinadarin da jiki ke saki in ya shiga matsi. Ma'aikata suna ce mata Sau-Ɗaya, don ba ta neman jijiya sau biyu. Kowace kwalba sai ta rubuta mata lokaci, ta kuma shigar a littafinta. Wata goma sha huɗu ya rage mata ta yi ritaya. A gidan ma'aikata take zaune da yayarta makauniya, gidan kuma na aikin ne. Ran da aiki ya ƙare ba ta hanyar ritaya ba, wata guda ake ba mutum ya kwashe kayansa.

Maza kan gama sha biyu. Mata su hau gado ƙarfe ɗaya, yunwa ta riga ta gama da su, su sauka shida. Wani direba, da zafin jikinsa ya ɗan hau, ya ce a kira masa matarsa zai bar wasiyya. A gadon nan, da rana, wata mai ɗinki ta yi ta kaɗuwa haƙoranta na haɗuwa, tana kuma ɗinke bakin wandon ɗanta da hannu, don gobe makaranta. Farfesa, mai binciken, ya leƙo ya gan ta, ya ce da ɗalibarsa ta rubuta wannan.

Bayan Talata goma sha biyu ya tara ma'aikata ya haska musu zane a bango. Layin maza a sama, na mata a ƙasa. Ya ce ga shi nan a jini, abin da kakanninmu suka daɗe da sani: jikin mace ba ya ɗaukar ciwo da zafi, kotisol ɗinta ba ya hawa, don haka kukan da take yi a asibiti yawancinsa na baki ne. Aka yi dariya, har da matan da ke wurin, don Farfesa ne.

Sista ba ta yi ba. A takardar neman gwajin kotisol ta kowane ɗakin jinya an buga da manyan baƙaƙe cewa a ja jinin kafin tara na safe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ɗalibar jinya 'yar shekarar farko ma ta sani: da safe sinadarin yake cika, rana na yi yana ja baya, ko a jikin wa. Wataƙila maza da mata sun bambanta, wataƙila ma na matan ne ya fi hawa. Wannan zanen dai ba zai faɗa ba. Safiya da yamma ya auna.

Ba ta yi magana a taro ba. Ta bari sai da ta sami ɗalibar ita kaɗai gaban firijin ajiyar jini. 'Yar Likita ake ce mata, yarinya ce mai ladabi, digirinta duk a kan binciken nan ya rataya. Sista ta buɗe mata littafin, ta bi layin lokaci da yatsa. Ba sai da ta yi bayani ba.

"Mama, shekara uku na yi a kan aikin nan," in ji 'Yar Likita. "Maganin allurar ma ya ƙare, balle a sake."

Sista ta ce ba don ta ɓata mata ta nuna ba, gara a ji daga cikin gida. Yarinyar ta yi godiya har da rusunawa, ta ce a ba ta kwana biyu ta yi tunani. Ko awa ba ta cika ba ta shiga ofishin Farfesa.

Washegari ya kira Sista, ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi jikin Yaya. Sannan ya juyo mata da kwamfuta. A can kowane mai sa kai ƙarfe bakwai ne a gaban sunansa, don lokacin da aka ce su zo shi akawu ya shigar. Ya ce rubutu biyu sun saɓa, dole ɗaya kuskure ne, kuma ba a aika wa mujalla saɓani. Ya turo mata takarda, layi uku kawai, cewa ita ce ta yi kuskuren rubuta lokaci a kwalaben mata.

"Ranka ya daɗe, kai ma da rana kake ganinsu a gadon."

"Ni sakamako nake gani, Sista. Agogo aikinki ne."

Ya ce takardar ta fayil ce, ba mai karanta ta. In kuwa ta ƙi, sai ya kai maganar gaba a matsayin ma'aikaciya mai yi wa bincike zagon ƙasa, ita ta san hukuncin. Ya ce ta dubi yarinyar nan mana, ai kamar 'ya take a wurinta.

Da ta koma gida da yamma ta tarar da Yaya a bakin ƙofa tana tsince wake da lalube. Ta gaya mata komai. Yaya ta ce ita ba ta san kotisol ba, ba ta kuma son saninsa. Ta ce tun suna yara haka ƙanwar tata take, sai ta gyara wa malami lissafi a gaban aji, a zane ta, a zo gida a sake zane ta. Matan nan an sallame su, sun koma gidajensu, ba wadda za ta zo ta ce ta gode. Ta ce ta sa hannu kawai, su ƙarasa watanninsu.

Ta sa. Ta mayar wa Farfesa takardarsa.

Farfesa bai yi ƙarya ba da ya ce ta fayil ce. Fayil ɗinta aka saka ta, a ofishin ma'aikata, inda akwai wanda aikinsa ke nan, karantawa. Bayan mako biyu wasiƙa ta zo: ma'aikaciyar jinya da ta amsa da hannunta cewa ta rubuta lokacin ƙarya a kwalba ɗari biyu da arba'in ba za a sake ba ta amanar marar lafiya ba. An sallame ta daga ranar.

Ta je wurin Farfesa da wasiƙar. Ya karanta yana girgiza kai, ya ce wallahi abin ya fi ƙarfinsa, mutanen ofis ba su da tausayi. Ya ɗago ya ga idonta a bushe, sai ya saki fuska. Ya ce ya san za ta jure, ai ita mace ce. A baranda ta haɗu da 'Yar Likita, wadda ta tuna da wani abu a wayarta har suka wuce juna.

Ranar tashi ɗan ƙaninsu ya kawo motar kaya. Ya ce matarsa ta share musu ɗakin ajiya na bayan gida, na ɗan lokaci dai, kada su ɗauki kaya da yawa. Yaya ta ƙi barin kujerarta har aka fitar da gado da tukwane. Da Sista ta kama hannunta za ta tashe ta, sai ta fizge.

"Ba kin ce kin sa hannu ba?"

"Na sa, Yaya."

"To me kuma kika je kika yi musu?"