Gadon Gwaggo Dela

Ni magini ne, sunana Daudu, kuma a cikin duk aikin da hannuna ya yi a Kazaure akwai guda ɗaya da har gobe in na tuna shi sai abinci ya fita raina. A gidan Alhaji Falalu na yi shi, shekara biyu bayan an bar fam da sule an koma naira.

Falalu ya samu kwangilar kwalbatoci a hanyar Roni, kansa ya kumbura. Ya rushe gidan ubansa na ƙasa, ya sa muka tayar masa da na bulo da kwano, muka shafe tsakar gida da siminti tun daga zaure har bayi. Ɗaki ɗaya ne ya tsira a can ƙurya, na Gwaggo Dela, yayar mahaifinsa, wadda ta goye shi bayan uwarsa ta rasu. Ita ta kafe ba za a taɓa mata shi ba, saboda gadonta. Gadon ƙasa ne irin na da, mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi ya ɗau zafi ya riƙe. Shekara arba'in tana gasa masu jego a kan irinsa. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi, in sanyi ya shigo ba ta da wani magani sai shi.

Ana nan sai Alhaji ya je kasuwar Babura ya dawo da kunkuru a bayan mota. Mutanen Nijar ne suka kawo shi, jibgege, sai maza huɗu ke iya ɗaga shi. Wai ya ga irinsa a gidan wani babban mutum a Kano. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya ga kunkuru yana cin kabewa.

Da sanyi ya kama, kunkuru ya daina ci. Ya je gindin katanga yana kartar siminti, da ya gaji ya mayar da kai ciki ya yi shiru. Alhaji ya ɗauko malamin dabbobi a mota. Mutumin ya ce ba ciwo ba ne, sanyi ne, a daji rami yake haƙawa ya shige, a nan kuwa an shafe masa ƙasa. Ya ce a sama masa wuri mai ɗumi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in fasa simintin kusurwa ɗaya, ya haƙa abinsa."

Alhaji ya ce, "In ya shige rami, wa zai gan shi?"

Ina tsaye ya je ƙofar Gwaggo, ya durƙusa har ƙasa kamar mutumin kirki.

"Gwaggo, abin kunya ne a ce ina da gida irin wannan kina kwana a ɗakin ƙasa. Na sa an gyara miki ɗaki a ciki, da gadon ƙarfe da katifa."

Ta ce, "Ɗan nan, ƙafafuna fa?"

"Akwai bargo har biyu."

"To nawan wa zai shiga?"

Ya ce, "Za a yi amfani da shi." Ya miƙe ya karkaɗe riga.

Ni na ja ɗan gini kewaye da gadon don kada kunkuru ya faɗo. Aka ɗora shi a inda tsohuwa take kwanciya. Hura wutar kuma ita aka bar wa, don duk gidan babu wanda ya iya sai ita. Kuma wallahi ta riƙe amana. Ta zuba garwashi, ta jira, ta ɗora bayan hannunta a kan gadon, ta rage ko ta ƙara. Kwana uku kunkuru ya fito da kai ya ci rama.

Ita kuwa sabon ɗakinta ƙanƙara ne. Siminti ƙasa, kwano sama, kuma aka hana ta shiga da kasko don kada hayaƙi ya ɓata silin. Tari ya kama ta. Sai ta riƙa wuni a tsohon ɗakinta, a ɗosane a gefen gado, da sunan duba wuta.

Wata ranar da hantsi Alhaji ya shigo da baƙi daga Kano, manyan ma'aikatan hanya. Ya tura ƙofa, sai ga Gwaggo ta naɗe a kan gadon, bayanta jingine da ƙoƙon kunkuru, barci ya ɗauke ta. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe biyu kake kiwo."

Bai yi mata magana a gabansu ba. Suna tafiya ya aika a kira ni. Ya ce in toshe bakin ramin wuta ta ciki, in fasa wani ta bayan ɗaki, a riƙa zuba garwashi daga waje. Ƙofa kuma a sa mata kwaɗo.

Gwaggo ta dogaro sanda ta zo. "Ɗan nan, wutar gado ba da ido ake yin ta ba. Sai na taɓa nake sanin ta yi ko ba ta yi ba."

Ya ce, "Gwaggo, shekara arba'in kina abu ɗaya, yau ne za ki ce kin manta?"

Na san gaskiya ta faɗa. Duk maginin da ya taɓa gina gadon ƙasa ya san haka. Amma na bi umarnin Alhaji, don ya yi mini alkawarin ginin shagunansa. Na fasa bango, na buga kwaɗo, na ba shi makulli ya jefa a aljihu.

Daga nan a lungun bayan ɗaki take tsugunawa, inda iska ke kaɗowa daga wajen dam. Ta zuba wuta, ta manna tafin hannu a bango ko za ta ji wani abu. Bango mai kauri, hannu kuma ya sandare, me za ta ji? Sai ta ga kamar wutar ba ta isa ba, ta ƙara. Ita da sanyi ke ci, ta ɗauka kunkurun ma yana cinsa.

A makon ne Alhaji ya tafi Gwiwa duba aiki, da makulli a aljihunsa. Washegari da azahar ta zo har inda nake kwaɓa ƙasa, tana haki.

"Daudu, ina jin kunkurun yana kartar ginin nan naka, ba ya tsayawa. Zafi ya yi masa yawa. Zo ka fasa kwaɗon."

Na ce, "Gwaggo, ni wa zan fasa kwaɗon Alhaji?"

"Ni na ce ka fasa. Ni na goye shi."

Na ce ta yi haƙuri. Tsoro na ji, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyar faɗar haka. Ta koma ta kwashe garwashin da ƙyar, har ta ƙone yatsu. Amma gadon ya riga ya sha wuta, kuma gadon ƙasa ba ya sakin zafi da wuri. Kafin magariba kartar ta tsaya.

Da safe Alhaji ya dawo ya buɗe. Warin da ya fito ya ishe mu labari. Faratan kunkuru sun kakkarye a jikin ginin da na ja. Maza huɗu suka fito da shi a kan buhu. Alhaji ya yi ta zagin gida gaba ɗaya, ya ce an kashe masa dabba da gangan, don baƙin ciki. Bai ambaci suna ba, amma ita yake kallo.

Gwaggo ba ta kare kanta ba. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Allah ya mayar maka da alheri, ɗan nan. To yanzu in koma ɗakina?"

Ko kallonta bai sake yi ba. Ni ya juyo wa.

"Daudu, kafin la'asar ba na son in ga ɗakin nan a tsaye."

Na ɗauko diga na fara da gadon. Da na fasa cikinsa sai na ji ƙasar da sauran ɗumi. Ina sara, hogen ƙasa mai ɗumi na faɗowa, sai na ga tsohuwa ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. Tana jawo hogen ɗaya bayan ɗaya, tana jera su a kan gwiwoyinta, tana rufewa da zani.

Ta nuna wani babba kusa da ƙafata. "Daudu, miƙo mini wancan, zai fi daɗewa."

Na miƙa mata, na koma na ci gaba da sara.