Inda Tsintsiya Ba Ta Zuwa

Duk Unguwar Ya an san Inna Hapsatu da tsintsiya. Matan unguwa kan ce ko tuwo ne ya faɗi a tsakar gidanta, ɗauka kawai za ka yi ka kai baki. Ganye ba ya kwana a ƙasa, ko da kuwa na kanyar nan ne ta bayan ɗaki, wadda ba ta da sana'a sai zubar da shi.

Kanyar ta girmi kowa a gidan. A tsaye Hapsatu ta tarar da ita ranar da aka kawo ta amarya. A gindinta ta yi daka, ta yi raino, a gindinta kuma aka shimfiɗe mijinta Malam Yunusa kafin a kai shi makwancinsa. Dab da ita akwai ramin da marigayin ya haƙi ƙasar gina katanga. Ɗanta Ismail, wanda ke aiki a Birnin Kudu, shi ya gyara ramin da siminti, ya cika shi da ruwa, ya zuba 'yan tarwada, don tsohuwarsa ta sami wurin shan iska. Ya yi ta kawo tsirrai a bayan babur yana dasawa a kewayen ruwan: lalle, zogale, da wasu jajayen furanni na masu sayarwa a bakin titi. Kowanne sai ya miƙe wuya yana neman rana, ya yi rawaya, ya kwanta.

"Inna, kanyar nan ce," in ji Ismail wata safiya. "Ta tare rana kaf. Na yi magana da Ɗanladi mai injin yankan itace."

"Ka yi magana da wa?"

"Don ke nake yi, Inna. Wurin nan kamar masussuka, ko ciyawa babu."

Ta san don ita yake yi, shi ne ma abin da ya fi yi mata ciwo. Ta ce, "Ka bar ni har damina ta zagayo. In ba abin da ya kama, ni da kaina zan nuna masa inda zai sa injin."

Da ƙarfin hali kawai ta faɗa. Ita ma 'yar manoma ce, tun tana yarinya take ganin ana sare rassa don kada inuwa ta taɓa gero. Ba ta taɓa jin shukar da ke son duhu ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan ƙanenta Sada a Fagam, ta tafi suna. Washegari matarsa Dada za ta je saro saiwar tafashiya don mai jego, ta ce, "Yaya, zo ki raka ni, ƙafa ta motsa." Suka bi ta bayan gonaki har gindin duwatsu, inda wani ɗan rafi ya ratsa. Dada ta sunkuya ta shige ƙarƙashin wasu manyan itatuwa, Hapsatu ta bi ta.

Sai ta tsaya cak.

A waje rana na ƙuna, amma a nan kamar magariba ta kawo jiki. Wani sanyi ya bugi fuskarta. Inuwar ta fi ta kanyarta kauri nesa ba kusa ba, amma ko'ina ta duba kore ne shar. Tafashiya ta baza faffaɗan ganye tana sheƙi a bakin ruwa. Ga tsada, ga gwandar daji, ga wasu da ba ta san sunansu ba, kowanne a ƙoshe, ba mai miƙe wuya. Ta ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," a hankali, kamar tana tsoron kada ta tashi wani daga barci.

To, hali ba ya ɓuya. Abu na biyu da ya zo mata shi ne, wurin nan yana son shara. Ganye ne jibge har idon sawu. Ta sa ƙafa ta ture shi, sai ƙafar ta nutse. Ta durƙusa ta tona da hannu. Ƙasa baƙa wuluk, mai laushi da danshi, tana ƙanshin ruwan farko, 'yan saiwoyi farare sun ratsa ta ko'ina, ga tsutsar tana kuma na motsi a ciki.

"Dada, wa ke zuba musu taki?"

Dada ta yi dariya. "Wane taki, Yaya? Abin da manyan suka zubar, shi ƙananan ke ci."

Hapsatu ta daɗe a durƙushe da ƙasar a tafinta. Ashe shekara da shekaru kanya na zubo abinci, ita kuwa tana bi da tsintsiya tana kwashewa, har gindin ya yi tauri kamar daɓe. Kunya ta kama ta, mamaki kuma ya fi kunyar yawa.

Ba ta taɓa na bakin kurmin ba, waɗanda suka saba da rana. Can ciki ta shiga inda duhu ya fi, ta zaɓi rassan tafashiya da suka kwanta a ƙasa suka yi saiwa, da 'yan tsada, da gwandar daji. Suka cire kowanne da ƙasarsa, suka naɗe a buhu.

Dasawa ba ta ba ta wuya ba. Abin da ya ba ta wuya shi ne barin shara. Kullum da safe hannunta sai ya yi ta ƙaiƙayi, ta share tsakar gida har bakin ɗaki, ta tsaya, ta juya da baya kamar mai gudun wanda take jin nauyi. Siririyar hanya kawai take sharewa zuwa bakin ruwa, saboda tsoron kunama. Maƙwabciyarta Tani ta shigo rannan, ta ga tarin ganye, ta ce, "Inna, baya ne ya matsa? Kawo in share miki."

"Ajiye tsintsiyar nan, Tani, kada mu ɓata."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa tsufa ya fara taɓa Inna Hapsatu. Ta ji, ta haɗiye.

Rani ya yi tsawo. Gwandar daji ta mutu. Tsada ta tsaya ba gaba ba baya. Tafashiya ta kakkaɓe rabin ganyenta, kullum Hapsatu na ɗibar ruwan tarwada da ƙwarya tana zuba mata, tana kallon kanya kamar mai ban kwana. Ismail ya zo ya ga tsinkaye tsaye cikin shara, ya koma.

Bayan an yi ruwan shuka, sai ga shi da hantsi, Ɗanladi na biye da inji a kafaɗa. Ismail ya gaishe ta yana kauce wa idonta. Ta ce, "Alkawari na yi. Ku wuce."

Ƙanshi ne ya fara tare su tun kafin su zagaya ɗakin. Tafashiya ta buɗe furanni, dunƙule-dunƙule farare kamar curin fura, kowanne da 'yan tsinkaye sirara kewaye da shi. Ƙudan zuma sun cika wurin da amo. Tsada ta fitar da sabon ganye. Mazari na shawagi a kan ruwa, inuwar kanya kuma ta lulluɓe su duka, ga sanyi na tasowa daga ƙasa.

Ɗanladi ya sauke injin a hankali ba wanda ya ce masa ya sauke. Ismail ya tsaya a bakin 'yar hanyar, baki buɗe. Can ya sunkuya ya cire takalmansa, ya riƙe su a hannu. Ya waiwayo, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Inna," ya ce da ƙaramar murya, "ta ina zan taka?"