Inna Tana Karanta Farin Shafi

Kun sha wucewa ta ƙofar gidan. Kun gan ta a baranda bisa kujerar roba, littafi a cinya, kun ɗaga hannu kun ce Inna ana hutawa, kun yi gaba. Babu wanda ya tsaya ya dubi idonta. Kada ku ce ai ba uwarku ba ce, domin 'ya'yanta ma abin da suka yi ke nan.

Inna ta yi aikin buga takardu a ofis har ta yi ritaya, kuma tun tana aiki take son littattafan soyayyar nan marasa nauyi da ake fitarwa gab da hutun ƙarshen shekara. Labarinsu ɗaya ne. Yarinya ta gaji da birni, ta koma ƙaramin garinsu hutu, motarta ta mutu a bakin gari, wani kafinta da matarsa ta rasu ya taimaka mata, su yi faɗa, su shirya, kafin hutu ya ƙare an yi aure. 'Ya'yan Inna uku ne: Babban Yaya mai mota, Anti mai shagon yadi, sai Auta da ke makarantar koyon malanta. Sau ɗaya suke haɗuwa a gida a shekara, lokacin hutun nan, kuma Babban Yaya ba ya zuwa sai da kwalin sababbin littattafai.

A bana ma haka aka yi. Gida ya cika, jikoki suna hawa kan kujeru da takalma, tukunya ba ta sauka daga wuta. In an zauna cin abinci Inna takan ba su labarin inda ta kai, matar Yaya tana tsokanarta wai kafintan nan bai gaji da aure ba, kowace shekara sai ya sake amarya.

"Wannan karon mai gidan burodi ne, 'yar nan," in ji Inna. "Ki daina raina min miji."

Aka yi dariya. Babu mai iya ƙaryata ta, tunda babu wanda ke buɗe littattafan, kuma ko an buɗe kusan abin da ta faɗa za a tarar.

Wata safiya Auta tana share baranda ta zo bayan kujerar. Littafin mai araha ne, wajen bugawa an tsallake wasu shafuka a tsakiya, sun fito fari fat. A kan ɗaya daga cikinsu Inna take. Yatsanta yana bin layi daga hagu zuwa dama, ya sauko ya sake bi, tana ɗan murmushi. Da ta kai ƙasa ta lashi yatsa ta juya.

Auta ta ajiye tsintsiya ta durƙusa, ta ce Inna ta karanta mata layin farko. Inna ta ce ita ba rediyo ba ce. Auta ta gaya mata babu rubutu a wurin. Yatsan ya tsaya. Can sai Inna ta lalubo hannunta ta riƙe gam, ta ce idon dama ya daɗe da tafiya, na hagu kuwa kamar leƙe ta bututu, gefe da gefe duhu, tsakiyar ma hazo-hazo. Littafin tana riƙe shi ne don kada a ga tana zaune haka kawai a fara tambaya.

"Ki rufa min asiri har su tafi," ta ce. "Kwana nawa kuke yi min a shekara? In ƙarar da su a layin asibiti?"

Auta ba ta rufa ba. Ta fara zuwa wurin mai shagon magani na bakin titi, wanda Inna ke sayen maganin ɗiga wa ido a gunsa. Ya ce shi ba likita ba ne, amma abin ya yi kama da hawan jinin ido, irin wanda abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a ceci sauran. Ya ce ya sha gaya wa Inna ta je asibitin ido na babban gari, tafiyar rabin yini ce, kuma ba sa rufewa don hutu.

Auta ta iske Babban Yaya yana wanke mota, Anti tana gefe tana amsa wayar masu sayen yadi. Ta gaya musu komai. Anti ta rufe bakin waya da hannu ta ce tsufa ne, ita ma sai ta nesanta allura take zura zare, kuma Auta tun da ta shiga makarantar nan gani take ta fi kowa sani. Yaya ya goge hannu ya taka har baranda ya tsaya gaban mahaifiyarsa.

"Inna, wai an ce ba kya gani?"

"Ina ganin tumbinka ya tare min rana. Matsa."

Jikoki suka kwashe da dariya, shi ma ya dara, ya juyo ya dubi Auta kamar ya ci shari'a. Ta ɗauko littafin ta buɗe masa farin shafin. Ya juya shi, ya sake juyawa, ransa ya ɓaci sosai, amma da mai sayar da littafi. Ya ce wannan cuta ce, sai ya mayar masa da kayansa. Maganar asibiti kuwa, ya ce gobe an yi wa yara alƙawarin wurin wasa, jibi gidan surukansa, a bari bayan hutu ya dawo musamman. Da yamma ya shigo da tabarau na kasuwa. Inna ta saka, ta ce duniya ta dawo sabuwa, ta yi ta sa masa albarka. Auta ta roƙe ta su biyu su hau motar haya zuwa asibitin, Inna ta ce ba ta barin gida cike da baƙi, kuma babba ya riga ya yi magana.

Hutu ya ƙare, aka loda jakunkuna. Inna ta tsaya a ƙofa tana ɗaga hannu wajen da ta ji ƙarar mota. Auta ta koma makaranta ga jarrabawa, tana ta kiran yayyenta a waya. Yaya ya ce aiki ya taru masa, sai ƙarshen wata. Ƙarshen wata mota tana gareji. Anti ta ce in shi mai mota bai motsa ba, ita wa za ta bar wa shago. Inna kuwa kullum a waya lafiya lau, tabarau yana aiki, har ta kusa gama kwalin.

Maƙwabciya ce ta kira Auta ranar da Inna ta kai hannu ɗaukar kofi ta dafa butar da ke kan wuta. Auta ta baro makaranta ta saka ta a motar haya, hannu a naɗe. Likita ya haska fitila a dama, ya haska a hagu, ya tambayi Inna ta wane gefe hasken yake. Ta nuna bango. Ya kashe fitilar ya tambayi Auta yaushe suka lura. Da ta faɗa masa, ya ce a lokacin akwai abin da za a ceta.

A hanyar komawa Inna ba ta yi kuka ba. Abin da ya dame ta kada a gaya wa Yaya a wurin aiki, hankalinsa zai tashi.

Kai da kake karanta wannan, na san abin da za ka ce: taka uwar lafiyarta ƙalau, da bakinta ta faɗa maka. Kada ka yarda da bakinta, don kai take yi wa ƙaryar. Ka soke ziyarar da ka shirya gobe, ka saka ta a mota, taka ko ta haya, ka kai ta a auna mata ido a satin nan.