Shafi Biyu a Kumatun Mai Fenti

Mai Fenti ya ɗauki 'yar kwalbar da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera a ƙarƙashin gado, ya ɗaga ta saitin taga. Wani jan abu ne mai kauri a ciki, ba sunan kamfani, sai takardar da aka manna aka rubuta da biro: "Na halitta zalla."

"Na halitta," ya faɗa yana taɓe baki. "Ai kunama ma ta halitta ce."

Ƙanwar matarsa ce ta kawo, wadda yara ke kira Anti Gayu. Tun da ta kalli wasu bidiyoyi a waya ta mai da kicin ɗinta masana'anta: kakin zuma, man kwakwa, garin wani jan fure, duk a dama a tukunyar shayi. Wai abu ɗaya ne zai yi leɓe ya yi kumatu. Shi da ya tsufa yana haɗa kala bai taɓa ganin fentin kirki da zai yi bango ya yi ƙofar ƙarfe ba.

Da a fuskarta za ta zuba shirmenta, ina ruwansa. Amma 'yarsa Auta aka kawo wa, wadda gobe za ta je ganawar neman aikin tarbar baƙi a wani kamfani. Fatar Auta kuwa ba ta da haƙuri. Tun tana goye, sauya sabulu kaɗai kan feso mata da ƙuraje. In ta tashi gobe da fuska kamar bayan kada, wa zai zaunar da ita a bakin ƙofarsa?

Ya yi magana, uwar ta ce ya cika tsoro. Auta ta yi dariya kawai, suka fita karɓo ɗinkinta wajen tela.

A sana'arsa ba a taɓa bango sai an gwada kala a lungu. Ya shiga banɗaki ya tsaya gaban madubi. Ya so ya gwada a hannu, sai ya tuna tinar wanke fenti ta daɗe da kashe fatar wurin, ko wuta da ƙyar take ji. Ya ja tsaki, ya lakato, ya shafa a kumatu da leɓe, a miƙe, daga sama zuwa ƙasa. Ya jira ya sha iska, ya ƙara shafi na biyu, don ba a sanin gaskiyar fenti a shafi ɗaya.

Ya zauna a bakin baho yana jiran ƙaiƙayi. Shiru. Har ya ji haushi.

Ya ɗauko sabulun wanki da yake cuɗa hannu da shi, ya murza. Da ya ɗago, jan ya tafi, amma abin da ya maye gurbinsa ya fi muni: wani shuɗi-shuɗi mai duhu, kamar an zabga masa mari. Ya ƙara sabulu, abin ya ƙara zama.

A haka suka dawo suka same shi, har da Anti Gayu a bayansu tana taunar cingam.

"Innalillahi! Wa ya doke ka?" in ji matarsa.

"Tambayi ƙanwarki, likitar tukunyar shayi." Ya nuna fuskarsa da alfaharin wanda ya kama ɓarawo. "Ga na halitta nan. Da yanzu a fuskar 'yata yake."

Anti Gayu ta dube shi sama da ƙasa, ta fashe da dariya har ta dafa bango.

"Yaya, kwalliya ka yi ko filasta? Da kan yatsa ake ɗan ɗiga shi! Kuma wa ya ce maka da sabulun wanki ake cirewa? Mai ake sa wa auduga a goge."

"Abin da sabulu ke tsoronsa ba kala ba ne, rini ne. Ba za ta shafa ba."

"Baba," Auta ta ce tana danne dariya, "ai wannan kwalba ta biyu ce. Tun watan jiya nake shafawa. Yanzu ma yana fuskata."

Ya matso ya ƙura mata ido. Ba ƙurji ko ɗaya. Wannan ɗan jan da yake gani a kumatunta kwanan nan, har yana gode wa Allah yarinya ta samu lafiya, ashe daga tukunyar shayi ya fito.

"Hmm," ya ce. "Aikin banza. Kalar da ba a ganin an shafa, me aka yi ke nan?"

Washegari Auta ta fita ganawarta da fuska sumul. Shi kuwa ya ɗaura ƙyallen rufe hanci na aiki tun daga gida don ɓoye shuɗin da ya ƙi fita, bayan ya kwashe duk sabulun wankin banɗaki ya cusa a jakar burushinsa, kada Auta ta wanke fuska da shi.