Gilashin Motar Baba

Baba ba ya yarda wani ya taɓa masa mota sai in ya rasa yadda zai yi. To ranar nan ya rasa, shi ya sa ya biyo ta gidana da hantsi ya ce in raka shi gareji, wai in riƙa tausarsa kada ya zagi mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota.

"Gobe ake komawa makaranta, Uwata, kuma ruwan wanke gilashi ya ƙi fitowa. Na ja sandar waifa har hannuna ya gaji, ko ɗigo."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Motar kuwa ƙaramar bas ce fara. Tun da ya bar aikin direba a kamfani, da ita yake kai yaran unguwa makaranta ya dawo da su. Har da 'yata a ciki, ita ce ma mai kujerar bayan direba, don wai amaryarsa ce. Ban da wannan aiki, babu abin da ke sa Baba ya yi wanka da sassafe ya sa hula. In aka yi hutu, yini yake a kujerar ƙofar gida yana faɗa da rediyo.

Na daɗe ban zauna a gaba kusa da shi ba. Sai na ga ya koyi wani sabon zama, ƙirji a jikin sitiyari, hanci kamar zai taɓa gilashi. Ga wani tsumma a cinyarsa, jim kaɗan ya ɗauka ya goge ta ciki. A kwanar kasuwa saura ƙiris ya kwashe wani mai baro. Na yi salati, shi kuwa ya ce ai laifin gilashi ne. Na yarda, domin na fi son in yarda.

Mai wayarin mutum ne siriri, marar yawan magana, da sukudireba a maƙale bayan kunne. Ya gaida Baba da ladabi, ya ɗaga bonet, ya kanga kunnensa wajen robar ruwan.

"Baba, murɗa makulli ka ja sandar in ji."

Baba ya ja. Waifa ta yi ta kai da komo a kan busasshen gilashi tana ƙara, amma daga ƙasa shiru.

Ganin na matso, mai wayarin ya ce da ni, "Yaya, in kin ji famfon da ke turo ruwan yana gurnani babu ruwa, toshewa ce. In kuwa shiru, ko dai wuta ba ta zuwa, ko shi ne ya mutu."

Ya buɗe akwatin fis ya zaro ɗaya, ya ɗaga shi sama ya duba, lafiyarsa lau. Ya zura hannu ya cire soket ɗin famfon, ya soka wayar ƙwan gwaji, ya ce Baba ya sake ja. Ƙwai ya kawo haske tar.

"Wuta na zuwa. Famfon ne."

Da ya fizge shi daga jikin robar, maimakon ruwa sai wani farin abu mai kauri ya biyo baya kamar fenti, yana ɗiga a ƙasa. Ya shafa da yatsa ya sunsuna, ya yi ajiyar zuciya.

"Baba, garin sabulu ka sake zubawa?"

Wannan "sake" ɗin ce ta tsaya mini a rai. Ashe ba yau ne farau ba. Ashe kafin hutu ma an sa masa sabon famfo, kuma tsohon ma haka aka same shi.

"Na ce maka sabulun nan daskarewa yake ya toshe rariyar famfo," in ji mai wayarin, murya ƙasa-ƙasa. "Kai kuma sai ka danne sanda ba ka saki. Famfo yana juyawa babu ruwa, dole ya ƙone."

"To ya kake so in yi?" Baba ya taso masa. "Ruwa zalla ba ya fitar da hazon nan. In na ƙara sabulu ma da ƙyar. Ku yaran yanzu kayan banza kuke sa wa mutane, sannan ku ce sabulu ne."

Na dafa hannunsa, tunda aikin da aka ɗauko ni ke nan. Mai wayarin ya kwance robar gaba ɗaya, ya ɗauraye ta har ruwa ya fito garau. Ya cire siririn tiyon ya hura da baki, wani guntun sabulu ya yi tsalle ya faɗi. Ya ciro allura daga wuyan rigarsa ya tsokale 'yan ramukan feshi, ya sa sabon famfo, ya cika roba da ruwa mai tsabta. Har robar waifa ya shafa, ya ce wannan sabuwa ce fil, ba ta da laifi.

"Bismilla, Baba."

Na koma kujerata. Baba ya ja sanda, famfo ya yi gurnani, ruwa ya feso gida biyu, waifa ta share. Wallahi ban taɓa ganin gilashin motar nan haka ba, sai ka ce an cire shi. Ina hango ƙadangare a kan katangar tsallaken titi, har kaɗa kansa ina gani.

Baba ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Ka gani ko? Da saura. Ga shi nan a tsakiya, fari-fari."

Ya sake jan sanda. Ya ɗauki tsumma ya goge wurin da babu komai. Hasken rana ya bugo fuskarsa ta gefe, a nan na ga abin da ya kamata in gani tuntuni: wata farar yana kwance a kan baƙin idonsa na dama, na hagun ma ya fara. Na rasa inda zan sa idona.

Na sauka kamar zan wanke hannu. Mai wayarin ya biyo ni bayan mota yana murza tsumma.

"Yaya, ni iyakar aikina ke nan. Tun wancan karon na so in faɗa, bakina ya yi nauyi. Sa'an mahaifina ne."

A hanyar gida na yi ta juya maganar, sai da muka tsaya a ƙofata na samu ta fito.

"Baba, da mun je an duba maka ido. Dubawa kawai."

"Idon wa?" Ya yi dariya, amma bai kalle ni ba. "Ina tuƙi tun ba a san za a haife ki ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sauka, Uwata, ki shirya mini amaryata da wuri."

Na kira yayanmu a waya, ya ce in lallaɓa shi har ya samu hutu ya zo, kada in kuskura in ɓata masa rai. Maigidana ya ce shi dai 'yarsa ba za ta shiga ba, sauran kuma ni na san ubana. Na yi tunanin ɓoye makulli, na tuna yana da wani a aljihun riga. Na yi tunanin zagaya gidajen iyayen yaran, sai na ga Baba zaune a ƙofar gida, unguwa duka ta san dalili, kuma ni na faɗa. Gaba kura, baya sayaki. Haushin kowa na ji, har da mai wayarin da ya gyara famfon.

Da safe na ji hon ɗinsa, gajere sau biyu kamar kullum. Maigidana ya fita tun asuba, 'yata kuwa ta riga ta goya jaka tana jan hannuna. Ta tagar falo ina ganin kawunan yara cike da mota, ga Baba da farar hula, ruwa yana fesowa a gilashi, waifa tana sharewa, yana sake fesowa.

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Na sa yarinyar a kujerarta, na buɗe gaba na zauna.

"Ina zuwa kuma?"

"Kasuwa zan sauka, Baba."

Bai ce kasuwa ba ta buɗe ba tukuna, ni ma ban ce ba. Muka kama hanya, yara suna ta surutu a baya.

"Baba, ga mai keke ta hagu."

"Na gan shi."

Amma sai da na faɗa ya taka birki. Na faɗa masa rami, na faɗa masa wata mata da za ta tsallaka, kowanne ya ce ya gani. Muka wuce kasuwa bai tsaya ba, ban kuma tuna masa ba.

A ƙofar makaranta yara suka sauka, amaryarsa ta ɗaga masa hannu, bai mayar ba sai da ta yi magana. Motar ta yi shiru. Hannunsa ya tafi kan sandar, ya tsaya a can bai ja ba. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Uwata," ya ce, a hankali kamar mai jin kunya, "gobe ma za ki je kasuwar?"