Tukunyar Maƙwabciya

Jegon 'yarta Mirabel ne ya kawo Mama Salama Kuala Lumpur, ba rigimar maƙwabta ba. Amma gidajen unguwar Setapak, in ka yi atishawa na ɗakin gefe ne zai ce maka sannu.

Kullum da magariba, matar da ke jikin ɗakinsu sai ta fito baranda ta kama dukan tukunya da cokali kamar mai korar awaki daga gona. Jariri Nahum, da ƙyar an lallaɓa shi ya yi barci, sai ya tsandara kuka.

Ran nan Seth, mijin Mirabel, ya dawo aiki a gajiye, ya tarar ana bugun, ya zaro waya. "Enough lah! Ya isa haka, yau sai na kira management, masu kula da gidan nan."

"Ba ta da papers fa," in ji Mirabel. "Kana kiran su, police za su zo, a mayar da ita ƙasarsu."

"To shi yaron kada ya yi barci ke nan?"

Mama Salama ta tambayi abin da ke damun baiwar Allah. Mirabel ta ce sunanta Khin, 'yar ƙasar Bama ta nan Asiya, wanke-wanke take yi a wani shagon abinci. Sojojin da suka ƙwace mulki a can sun ɗauke ƙanenta a wurin zanga-zanga, har yau shiru. A garinsu haka ake buga tukwane don soja su san ba a yarda ba, ita kuwa ta taho da abin har nan, inda babu sojan da zai ji.

Tsohuwa ba ta saba sa baki a maganar suruki ba, amma yau kunya ta sha kashi.

"Ɗana, ajiye wayar nan tukuna. Zamanin soja a can gida, Baban Mirabel yana koyarwa, ya tara malamai suka yi magana kan wasu yara da aka harbe. Aka zo har aji aka tafi da shi. Na je bariki, suka ce ba su san da mai wannan suna ba. Sai matan kasuwa, masu tumatir da masu daddawa, Kirista da Musulmi, suka rufe rumfunansu, suka zauna a ƙofar bariki suna buga kwanoni suna kiran sunansa. Aka zane su da bulala, gari na wayewa suka dawo. Sai da aka fito da shi da ransa. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ni kuma ko sunayensu ban sani ba, balle in bi su in yi godiya. Abin nan yana raina har gobe."

Ta dubi Mirabel. "Bayan ya fito na samu cikinki."

Seth ya mayar da waya aljihu a hankali.

Mama Salama ta shiga kicin ta ɗauko sabuwar tukunyar da Mirabel ba ta yarda kowa ya taɓa. Khin na ganinta a baranda ta daina bugu, a tsorace.

"Tambayar min ita sunan ƙanen nata," tsohuwa ta ce wa Mirabel. "Ai ba a bugu babu suna."

"Zaw Min," Khin ta ce.

Mama Salama ta ƙwala sunan, a karkace dai amma da ƙarfi, ta maka wa tukunya ludayi. Khin ta fashe da kuka, hannunta ya koma bugu. Daga ciki jariri ya amsa musu da nasa.

"Yi kukanka, angona," in ji kakarsa, hawaye na zubo mata. "Kai ma da wannan ƙarar aka same ka."