Kwal ɗin Malam Pang

Shekarar da Madam Khoo ta zo mana daga Malesiya, sanyin lardinmu na Gansu ya wuce misali. Ƙungiyar agajinsu ce ta turo ta zagaya makarantun ƙauye da suke tallafa wa. Ni kuma da yake na aje koyarwa, ina zaune babu aikin fari balle na baƙi, sai aka ce in raka ta. Tsoho Dou ne ke jan mu a motarsa mai shan dizal.

Khoo jikar mutanenmu ce, tana jin harshenmu sarai, amma ba ta taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Riga kan riga take sawa, har Dou ya ce in ta faɗi sai dai a mirgino ta. Duk abin da ta zo da shi ta rabar, saura mota guda ta kwal, wadda za a kai wa makarantar da ta fi buƙata.

Makarantar ƙarshe ta ƙanena ce, Malam Pang, can kan tudu. Na san ajinsa. Takarda ce a tagogi, tawada kuwa daskarewa take yi a kwalba. Ban ce wa Khoo komai a hanya ba, kada a ce ina son kai. Na ce gani ya kori ji.

Da muka isa sai ga yara a jere cikin kayan sabuwar shekara. Muka shiga aji, zafi ya buge mu kamar gidan burodi. Murhu uku, kowanne ya yi ja. Khoo ta cire babbar rigarta, abin da ba ta yi ba tun saukarta.

"Kai, nan kam sun ji daɗi," ta ce mini. "Kwal ɗin sai a kai wa makarantar da muka baro a kwari."

Na ja Pang bayan madafa.

"Kai, ina ka samo kwal haka?"

"Namu ne, Yaya. Da na maƙwabta."

"Saura nawa?"

Ya dubi takalminsa. "Baƙuwa ta taso daga ƙasar zafi. In bar ta tana rawar ɗari a ajina? Me za a ce da ƙauyen nan?"

"To gobe sai ka hura wa yara mutuncinka su ji ɗumi."

"Kada ki faɗa mata, Yaya."

Ban faɗa ba. A wurinmu in ka tona asirin mai masauki a gaban baƙo, gara ka mare shi.

Muka ci taliya da gasasshen dankali, muka yi sallama, muka shiga mota. Dou ya murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru. Dizal ya daskare. Maganin wannan kowa ya san shi, a hura wuta a ƙarƙashin inji.

"Malam, a ba ni kwal ko kwano guda," in ji Dou.

Pang ya tafi rumbun kwal, ya daɗe, ya dawo da garin kwal a gindin kwano.

"Wannan kwal ne ko kwalli?" in ji Dou. "Idon motar zan shafa wa?"

Babu yadda za a yi, Pang ya ɗauki shebur ya kwaso garwashin murhunan nan uku ya zuba ƙarƙashin mota. Khoo ta ce bari mu koma aji mu jira cikin ɗumi.

Ɗumin bai jira mu ba. Iskar da ke shigowa ta takardar taga ta kore shi kafin shayi ya huce. Yaran ko a jikinsu. Kowa ya jawo tarin ciyawa daga ƙarƙashin benci ya cusa ƙafa, ya zaro gasasshen dankalinsa mai ɗumi daga aljihu ya riƙe a hannun hagu, yana rubutu da dama. Babu wanda ya gaya musu su yi.

Khoo ta daɗe tana kallonsu. Ta mayar da rigarta, ta fita ita kaɗai zuwa rumbun kwal. Ta tarar da shi a share tas, har da sawun tsintsiya.

Mota ta tashi. Pang ya zo rakiya, fuskarsa duk toka.

"Malam Pang," in ji Khoo, "ni na ƙone muku kwal. Kakata ta ce baƙo ba ya cinye tukunya ya bar ta wayam. Za a kawo muku mota guda."

"Haba Madam, muna da isasshe."

"Ka karɓa."

"Ba ma buƙata ko kaɗan. A kai wa mutanen kwari."

Khoo ta fara gyaɗa kai, alamar za ta janye kyautar. A ƙasarsu, ina ga, ƙi biyu ya isa. Pang ya buɗe baki zai yi na uku, sai na ɗora dugadugina a kan yatsun ƙafarsa, na sakar masa nauyina duka.

"To," ya ce da ƙyar, "tunda Madam ta matsa."

Muka gangara a hankali, sarƙar hana santsi a tayoyi tana ƙara. Dou ya ce ya ga Malam yana ɗingishi, ko sanyi ne ya kama masa ƙafa. Na ce masa ya dubi hanya.